Wasan Taubasai a Tashar Kamyo

Isufu ya haura hamsin da kaɗan lokacin da aka karɓe makullin kamyo, babbar motar kaya, daga hannunsa, kuma da dariya aka karɓe shi. Dariyar nan ita ta zauna masa a rai, fiye ma da rashin aikin.

Wanda ya karɓa shi ne mai motar, Alhaji Maigari, ɗan goggonsa Hajjo. Su biyun taubasai ne ke nan, ɗan namiji da ɗan mace, kuma kowa a Gaya ya san dokar da ke tsakanin irinsu. Taubashi zai ce maka ɓarawo a gaban surukinka, ka yi dariya ka rama. In ka ɓata rai kai ne ka yi abin kunya, tsofaffi su ce ka yanke zumunci. Tun suna yara a Tanda, suna korar tsuntsaye a gonar shinkafa, kowannensu ke cewa ɗayan bawansa ne, kuma har suka yi furfura ba a raba gardamar ba.

Tare suka shiga harkar mota suna samari, aparanti biyu, wato yaran mota, a bayan kamyo ɗaya. Allah ya ba Isufu hannu, ya ba Maigari baki. Isufu ya zama direba, Maigari kuwa ya iya magana da masu kaya da ma'aikatan duwan masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka, ya san inda riba ke kwana. Shekaru suka yi suna zirga-zirga tsakanin Kwatano da Yamai, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana gefe da tabarau yana ba da labari. Maigari yakan ja ƙaramar mota lafiya lau, kuma yana da permi, takardar izinin tuƙin babbar mota, a aljihu, yadda ya same shi Allah ya sani. Amma tun ranar da ya gwada ja da baya da rimok, doguwar tirelar kaya, a bayansa, abin ya ƙi, gumi ya jiƙa shi, bai sake zama kujerar direba ba. Mutum ɗaya ne ya ga wannan rana, shi ne Isufu. Da Maigari ya sayi motocin kansa, Isufu ne direbansa na farko.

Da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, aiki ya tsuke. Kaya suka koma tsallakowa ta jiragen ruwa, ana jibge su a bakin gulbi, motar da ta yi sa'ar lodi ta kwasa zuwa Doso ko Yamai. Dole Maigari ya jingine mota ɗaya ya sallami direba ɗaya. A wannan tsakanin ne Isufu ya same shi a keɓe, ya gaya masa abin da ko matarsa bai gaya wa ba: idan rana ta faɗi, wata yana takan rufe masa ido, fitilun motoci su zama kamar wuta a cikin ruwa. Da rana kam garau yake gani. Ya roƙi a bar masa tafiyar rana kawai, kafin ya samu ya ga lokotoro a asibiti. Maigari ya ce ya ji, ba komai.

Kwana kaɗan bayan haka, a rumfar mai shayi ta tasha, direbobi cike da benci, Maigari ya zo ya dafa kafaɗarsa. Ya ce wa jama'a su taya shi murna, yau zai 'yanta bawa, don bawan ya makance, jiya ma ya gai da jaki yana ce masa Alhaji. Aka fashe da dariya. Ya sa hannu a aljihun Isufu ya zaro makullin, ya jefa wa wani direba mai suna Misbahu, ya ce gara mai ido ya riƙe kafin makahon ya kai su Lahira ba biza. Isufu ya yi dariya tare da kowa, don ba shi da wata hanya. Har ya rama da cewa bawan da ya 'yanta ubangijinsa ai ya haukace. Ya gama shayinsa, ya tafi gida da ƙafa.

Da a ɗaki Maigari ya sallame shi, da washegari ya sami wata motar, don duk tashar ba wanda bai san hannunsa ba. Amma maganar ta riga ta fita. Duk mai motar da ya je wurinsa sai ya karɓe shi da mutunci, ya sa a kawo masa ruwa, ya tambayi lafiyar idon, ya ce za a neme shi. Yaran mota da ya koya wa ɗaure tanti suka fara kama masa hannu in zai tsallake kwalta, wasu don tausayi, wasu don shaƙiyanci.

Damina ta wuce, aka yanke shinkafa, yana zaune. Matarsa Bibata ta koma soya kifi a ƙofar gida, ita ke cika tukunya. Ba ta taɓa yi masa gori ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Yakan zauna gindin giginyar da ke bayan gidan yana ta juya maganar rumfar shayi kamar mai juya masa a tanda. Ya yi tunanin zuba yashi a tankin motar, ya ga ba zai iya cutar da motar da ya raina da hannunsa ba. Ya yi tunanin kai ƙara wurin dangi, ya san abin da za su ce: wasa ne, Isufu, kai ma ka sani. A nan ne ya tsai da magana a ransa. Da wasa aka yanka shi, da wasa zai rama, a gaban mutanen da suka yi dariya.

Dama ta zo da kanta. Ƙungiyar masu motoci da direbobin tashar za ta zaɓi sabon shugaba, Maigari kuma ya fito. Abokin takararsa Cha'ibu ne, tsohon direba mai kaushin hali, wanda ba ya ko iya gaisuwa mai daɗi. Direbobi sun fi masu motoci yawa, kuma suna da magana guda da suka gada: ba sa bin wanda bai taɓa kwana a ƙarƙashin mota ba, shugabansu sai ɗan hanya, wanda ya tuƙa babbar mota da hannunsa. Don haka Maigari ya shiga gaya wa matasa labarin zamanin da yake tuƙi. Tsofaffin da suka san su tare sun mutu ko sun watse, waɗanda suka rage kuma sun tuna dai suna ganinsu a gaban mota ɗaya.

Goggo Hajjo ce ta aika a kira Isufu. Ya same ta a kan tabarma tana gyaran zogale, ta tsufa har muryarta na rawa. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, bai taɓa ƙetare maganarta ba. Ta ce ta ji abin da ya faru, ta kuma yi wa Maigari faɗa. Yanzu ga gyara ya zo: in ya ci zaɓe, zai ba Isufu aikin shef na tasha, mai tsara layin motoci da ba kowa lodinsa. Aiki ne na zama a inuwa, ba ya bukatar idon dare, kuma ba mai raina mai shi. Abin da ake so gare shi kaɗan ne. Ranar zaɓe ya miƙe ya shaida wa direbobi cewa shi da Maigari tare suka riƙe kan mota.

"Ka ji ni, Isufu?"

"Na ji, Goggo."

"Ji na sani ka ji. Za ka yi?"

"Zan miƙe in yi magana," in ji shi. Bai yarda ya ɗaga kai ya dube ta ba.

Bibata ta yi murna har ta ƙara masa kan kifi a tuwon ranar. Ta ce wanda ya kayar da kai in ya miƙo hannu, ka kama ka tashi tukuna, faɗa ya biyo baya. Ta lissafa masa abin da ya sani: 'yarsu ta isa aure, rufin ɗaki na yoyo, idon nan kuma ba zai jira ba. Da ta ga yana cin tuwon bai ce komai ba, sai ta ajiye ludayi ta dube shi da kyau.

"Malam, na san wannan shirun. Don Allah kar ka zubar mana da abinci saboda dariyar 'yan tasha."

Ya ce mata tuwon ya yi daɗi.

Ba a ce bai auna ba. Ya auna, ya ga aikin alheri ne, ya ga Bibata na da gaskiya. Amma duk lokacin da ya hango kansa zaune a rumfar tasha, yana cin abinci daga hannun da ya shiga aljihunsa, bayan ya yi masa shaidar zur, sai ya ji ba zai iya ba.

Ranar zaɓe Maigari ya ba shi aikin shirya fili, wai ya fara saba wa aikinsa. Isufu ya karɓa da fara'a. Tun da hantsi ya sa aka jera motoci gefe guda, aka kafa rumfuna, aka kawo bencina. Ya bar gurbi guda a layin, tsakanin katanga da wata tankar mai, daidai faɗin mota. Da Misbahu ya shigo da tsohuwar motar Isufu, doguwar rimok a bayanta, sai ya tsai da shi a tsakiyar fili, ya ce ya bar ta nan tukuna za a sauke kujeru. Ya karɓi makullin, ya ce masa ya je ya ci abinci ya huta. Ba wasu kujeru da aka sauke. Motar ta yini a nan, ta gitta gaban rumfuna, duk wanda ya zo sai ya kewaye ta yana tsaki.

Bayan la'asar tasha ta cika. Cha'ibu ya yi magana gajeriya maras gishiri, ya zauna. Maigari ya tashi cikin babbar riga ruwan ƙwai, ya gai da jama'a da Hausa, ya gai da su da Dandanci, harshen mutanen bakin gulbi, ya sa kowa dariya. Sannan ya kawo labarin ranar da birki ya tsinke masa a gangaren kusa da Kandi, mota cike da siminti, ga kasuwa a gaba, yadda ya yi ta rage giya har ya kwantar da ita a cikin yashi ba a rasa ko akuya ba. Matasa suka yi ta jinjina kai. Isufu ya saurara har ƙarshe. Labarin gaskiya ne, ba ƙari ko kaɗan, sai dai a ranar Maigari yana ƙasan kujera ya rufe kai da hannu yana salati.

Aka ce Isufu ya taso. Ya fito a hankali, yana laluben iska da hannu kamar makaho, jama'a suka fara dariya tun bai buɗe baki ba. Ya ce an kira shi ya yi shaida a kan bawansa, kuma ba zai ɓoye ba, bawa ne mai albarka, ya iya cin kaza, ya iya barci a mota tun daga Paraku har gada. Aka yi dariya, Maigari ya fi kowa, yana nuna shi da yatsa yana cewa a kama masa makahon nan kar ya faɗa rijiya.

Isufu ya jira dariyar ta lafa.

"To ai ka faɗi gaskiya, bawana. Ni makaho ne, kai ka gaya wa mutanen nan da bakinka. Alkali kuwa ba ya karɓar shaidar makaho a kan abin da aka gani." Ya zaro makullin ya ɗaga sama. "Ku ne masu ido. Ga motarsa can ta tare mana fili tun safe. Ɗan hanya, taimaka ka mayar mana da ita gurbinta, su gani da kansu."

Matasan direbobi suka ɗauka da tafi, don su a ganinsu gata aka yi wa Alhaji. Maigari ya yi dariya ya ce rigarsa sabuwa ce, wani ya ce zai riƙe masa. Maigari ya ce ina Misbahu, wannan ai aikin yara ne. Cha'ibu ya ce daga inda yake zaune, ai wasan taubasai ne, Alhaji, ba a ƙin sa. Wanda ya tsai da siminti a Kandi, me zai gagare shi a nan?

Maigari ya matso kamar zai rungume Isufu, murmushi na fuskarsa, ya yi ƙasa da murya yadda su biyu kawai suka ji.

"Ɗan kawu, kar ka yi mini haka. Ka ce wasa kake, mu zauna."

"Ai wasa nake," in ji Isufu, ya sa masa makullin a tafin hannu ya naɗe masa yatsu a kai.

Da Maigari ya ce wa mutane ya manta hannu, shekaru sun ja, da wataƙila ya tsira da rabin mutuncinsa. Amma labarin Kandi bai ko huce ba. Ya tuɓe rigar, ya kama ƙarfen ƙofa ya hau da ƙyar. Motar ta tashi, ta yi tsalle ta mutu. Wasu suka ce sabo ne, a yi masa haƙuri. Ya sake tayarwa, ya daɗe yana neman giyar baya, ƙarfe na kuka, har direbobi suka fara duban juna. Da ta samu, sai ya murza kan motar yadda mai ƙaramar mota ke yi, wajen da yake so bayan ya nufa. Rimok kuwa ba ta bin wannan doka, akasin hannunka take tafiya, kuma wannan shi ne abu na farko da ake koya wa aparanti. Ta karkata wajen rumfar mai shayi. Aka yi ta ɗaga masa hannu ya mayar, shi kuma ya ƙara murzawa can inda ya fara. Mutane suka watse da bencina. Rimok ta lanƙwasa ta haɗu da kan motar kamar wuƙar aljihu, ta tura randunan ruwan alwala suka fashe, robar iskar birki ta tsinke da tsaki mai tsawo, komai ya tsaya cik.

Ba wanda ya ji ciwo. An fara dariya, amma ba ta yi nisa ba ta mutu, don kowa ya gane abin da ya gani. Isufu ya tsaya ya harɗe hannu a baya yana kallo. Rana ba ta faɗi ba tukuna, idonsa garau, ya ga komai: yadda Maigari ya zauna a ciki ya kasa buɗe ƙofa, yadda ya sauko ƙafarsa na neman matakala, yadda ya taka cikin caɓin ruwan alwala da takalminsa mai tsada. Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Isufu, irin na mai ƙishirwa da ya kai bakin randa. Ya daɗe bai ji daɗi irin wannan ba, kuma bai yi wa kansa ƙaryar cewa bai ji ba.

Zaɓen tashar a fili ake yinsa, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Layin Cha'ibu ya miƙe har ƙofa. Bayan Maigari akwai masu motoci 'yan kaɗan da yaran gidansa. Isufu ya taka a nutse ya je ya tsaya a bayansa, dab da shi, ya ce da ƙarfi ai taubashi ba ya gudun taubashi. Maigari bai waiwayo ba.

Cha'ibu ya ba wani ƙaninsa aikin shef na tasha. Da aka yi masa maganar Isufu, cewa ya yi mutumin da zai yi wa ɗan goggonsa haka, ba ya son ya juya masa baya. Bibata ta ji labarin tun kafin mijinta ya iso gida. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye shi kawai ko ya ƙoshi, ya ce ya ƙoshi, ta ce to madalla, don ita da yara ba su ci ba. Daga baya Isufu ya sami abin yi a bakin gulbi, yana ɗaure wa motocin wasu kaya da igiya da tanti, aikin da ya bari tun yana saurayi. Ba a ƙara kama masa hannu a bakin kwalta ba. In ya shiga rumfar shayi akan matsa masa wuri, hira kuma ta ragu.

Ran Juma'a bayan masallaci ya je gai da Goggo Hajjo kamar yadda ya saba. Ya yi shirin faɗa, har ya tanadi amsa. Ta amsa gaisuwarsa, ta tambayi Bibata da yara, ba ta ƙara ba. Maigari na zaune a gefen tabarma, ya rame kaɗan. Isufu ya gyara murya ya ce ashe bawansa na nan, an ce ya buɗe makarantar koyon tuƙi.

Maigari ya miƙe tsaye, ya ba shi hannu biyu, kamar yadda ake yi wa baƙon da ya zo daga wani gari.

"Malam Isufu, barka da Juma'a. Ina gajiya? Ya iyali?"

Isufu ya tsaya da hannunsa cikin nasa. Tun da suka yi wayo Maigari bai taɓa ce masa Malam ba.

"Lafiya lau, Alhaji," in ji shi.

Goggo ta sa aka kawo shinkafa da miyar kifi a akushi ɗaya, yadda ta saba ba su. Maigari ya tura wa Isufu ruwan wanke hannu ya fara, ya ce bismilla, ya tsame tsokar kifi mafi kyau ya ajiye a gabansa. Suka ci cikin ladabi, kowa a gefensa, tsohuwar na kallonsu tana jan carbi. Da suka gama Maigari ya raka shi har ƙofar gida, ya yi masa godiyar ziyara, ya ce a gai da mutanen gida. Isufu ya ce za su ji. Ya sa takalmansa ya kama hanyar gulbi, don akwai motar albasa da ke jiran ɗauri kafin rana ta faɗi.